Fashin Baƙi: Yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu, da dalilin da ya sa take sakin sa

Me ya sa yaro zai kwana a kan littafi, gari ya waye ya shiga ɗakin jarrabawa ya nemi abin da ya karanta ya rasa? Me ya sa mutum biyu da ba a san su da ƙarya ba za su ba da labarin abu guda, labarin ya ƙi haɗuwa, kowa kuma yana rantsuwa? Tsohuwar da ta manta ta ci tuwo minti goma da suka wuce, yaya aka yi take kawo Tabaraka daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe?

Duk sa'ad da jarrabawar JAMB da WAEC suka matso, tambayar farko ke cika gari. A nan Jos, daga Farin Gada zuwa Katako, za ka ji masu magani a lasifika suna tallan "maganin buɗe ƙwaƙwalwa", iyaye mata na ƙulla kuɗin cefane suna saya. Ta biyu tana tasowa a kotu, da zaman sulhu, da wurin rabon gado. Ta uku kuwa a ɗaki ake raɗa ta, amsar da aka fi bayarwa kuma ita ce sammu, wani lokacin ma maita. Tushen ruɗanin ɗaya ne. Mun ɗauka kan mutum kamar memorin waya yake, abin da ya shiga yana nan yadda ya shiga, sai dai in ya cika ko ya lalace. Binciken sama da shekara ɗari ya nuna ba haka abin yake ba.

Ni a gidanmu na fara cin karo da wannan. Shekaru ina ba da labarin daren da babbar kasuwar Terminus ta ƙone, cikin Fabrairun 2002: yadda muka hau kan katanga a Gangare muna hangen jan wuta a sama, yadda hayaƙi ya rufe taurari, da rigar sanyin da ke jikina. Wata rana ina cikin bayarwa Inna ta dakatar da ni. Ta ce, "Kai fa ba ka fita ba a daren nan. Zazzaɓi kake yi, a ɗakina ka kwana. Yayanka ne ya hau katanga." Na juya na dubi Yaya, ya ce, "Gaskiyar Inna ce. Ni na ba ka labarin da safe." Har yau in na rufe ido ina ganin wutar nan. Ban yi ƙarya ba, amma ban gani ba.

Tunawa ba iri ɗaya ba ce

Abin da muke haɗawa mu kira "ƙwaƙwalwa" ayyuka ne daban-daban, kowanne da inda yake dogara a cikin kai.

Akwai riƙon ɗan lokaci, wanda kake yi in an karanto maka lambar asusun banki kana dannawa a waya. Daƙiƙu kaɗan yake yi, wani ya yi maka sallama a tsakiya sai ya watse. A 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya ce wannan riƙon ba ya wuce abu bakwai, ko ƙari ko ragin biyu. Masu binciken baya sun rage adadin zuwa wajen huɗu. To yaya muke riƙe lambar waya mai alƙaluma 11? Ta hanyar ƙulla su. Wanda ya saba, 0803 abu guda ne a wurinsa, ba huɗu ba. Shi ya sa ba mai karanto lamba a miƙe, sai an yanka ta gida uku.

Sai ajiya mai dogon zango, ita ma kashi-kashi ce. Akwai abin da ya faru da kai, kamar ranar aurenka. Akwai sani tsura, kamar sanin cewa Lafiya ce babban birnin Nasarawa, wanda ba ka ma tuna ranar da ka koya ba. Akwai kuma gwanintar jiki: tuƙa keke, ɗinki, murza fura, ɗaura rawani.

Wani mutum guda ne ya fi kowa nuna wa duniya cewa waɗannan a rabe suke. A 1953, a garin Hartford na Amurka, likita William Scoville ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiyar da ta hana shi sakat. Ya cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa dama da hagu, har da mafi yawan wani ɗan lanƙwasasshen nama da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Hankalinsa na nan, maganarsa na nan, yana tuna ƙuruciyarsa. Amma daga ranar, sabon abu ya daina zama a kansa. Brenda Milner, masaniyar da ta yi shekaru tana zuwa daga Kanada tana nazarinsa, duk zuwan da ta yi sai ta sake gabatar da kanta. Ta ba shi wani aiki mai wuya: ya bi zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kwana uku yana yi, kullum hannunsa na ƙara faɗawa, kullum kuma yana cewa bai taɓa yin wannan aikin ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. A haka ya rayu har ya rasu a 2008.

Abin da bai shiga ba, ba a manta shi ba

Rabin abin da muke kira mantuwa ba mantuwa ba ne, tun farko abin bai shiga ba.

Gwada wannan. Takardar naira 20 kowa ya san hoton Murtala ne a gabanta, har sunansa ake kiran ta da shi. Me ke bayanta? Ta bi ta hannunka sau dubbai, amma mutane da yawa sai sun zaro ta sun duba kafin su ga Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan ta ƙasar Abuja, tana aikinta. Ido ya gani, hankali bai tsaya ba. Yawan gani kaɗai ba ya sa abu ya zauna.

Abu biyu ke buɗe ƙofa: tsayar da hankali, da ma'ana. Sabon abu yana kama wuri ne in ya samu tsohon da zai jingina da shi. Mai sayar da dankalin Turawa a Farin Gada zai gaya maka farashin buhu a watanni shida da suka wuce, da wanda ya ci bashi da nawa ya rage, alhali in ka ba shi jerin sunayen ƙasashen Turai goma ba zai riƙe rabi ba. Kansa bai canza ba tsakanin ayyukan biyu. Na farkon yana da gidan da zai shiga, na biyun ba shi da shi. Saboda haka yaron da ake kira "kan kifi" a ajin lissafi, amma ya haddace sunayen 'yan wasan Arsenal har da na benci, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. A duba ko yana fahimtar harshen da ake koyarwa da shi, ko ya karya kumallo, ko yana jin malamin daga inda yake zaune cikin aji mai yara fiye da ɗari.

Ina ake ajiye abin?

Babu wani ɗaki guda a cikin kai da ake jibge tunani. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana sadarwa da dubban 'yan'uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai. Koyo shi ne canjin ƙarfin waɗannan mahaɗai: ƙwayoyin da suka saba tashi tare, haɗinsu ke ƙara ƙarfi. Eric Kandel ya nuna haka a jikin wata dodon-koɗin teku mai manyan jijiyoyi, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2000.

Abu guda da ka tuna a warwatse yake. Hoton wurin yana wani sashe, sautin yana wani, ƙamshin yana wani. Hifokamfas ne ke ɗaure su wuri guda tun suna ɗanye, sannu a hankali ajiyar ta kafu a ɓawon ƙwaƙwalwa. Babban ɓangare na wannan aikin cikin barci ake yin sa, domin a lokacin ƙwaƙwalwa ke sake bin abin da ta koya da rana. Tun a 1924 wasu masana biyu, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya koyi abu ya kwanta ya fi riƙe shi a kan wanda ya koya ya ci gaba da harkokinsa na tsawon lokaci guda. Ɗalibin da ke shan shayi mai kauri da goro don ya kwana karatu ranar jajibirin jarrabawa, ginin yake yi yana hana siminti bushewa.

Me ke kawo mantuwa?

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, shi ya fara auna mantuwa da lissafi, a kan kansa kuma ya yi gwajin. Ya ƙirƙiri gaɓoɓin kalma marasa ma'ana, ya haddace su jeri-jeri, yana duba abin da ya rage bayan lokaci. Ya wallafa sakamakon a 1885. Cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi. Bayan kwana ɗaya wajen kashi biyu cikin uku ya tafi. Daga nan zubewar ta rage gudu, bayan wata guda kusan kashi ɗaya cikin biyar yana nan. Abu mai ma'ana ba ya zubewa da wannan saurin, amma siffar ɗaya ce: ɓarna mafi girma a awannin farko take.

Masana ba su haɗu a kan dalili guda ba. Wasu sun ce alamar da koyo ya bari a mahaɗai ce ke dusashewa in ba a amfani da ita. Wasu sun ce lokaci shi kaɗai ba ya share komai, sabon abu mai kama da tsohon ne ke hawa kansa, kamar yadda sabuwar lambar sirri ta katin banki ke korar tsohuwa, ko tsohuwar ta riƙa faɗo maka a gaban na'urar cire kuɗi. Na uku sun ce sau da yawa abin yana nan, hanyar kai wa gare shi ce ta toshe. Kowa ya san wannan: suna yana bakinka ya ƙi fitowa, kana cikin alwala bayan awa biyu sai ga shi ya faɗo da kansa. Da ya goge da bai dawo ba. A ganina ukun duk suna aiki, amma na biyu da na uku su suka fi shafar mu kullum.

Mantuwa kuma ba aibi ba ce kawai. Kan da ke riƙe kowace fuska da ya gani a tashar Bauchi Road ba zai iya ware ta ɗan'uwansa da sauri ba.

Abin da tsangaya ta riga ta gano

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka raba ɗalibai a wata jami'a ta Amurka. Wasu suka yi ta karanta wani nassi a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatun sun riƙe kashi 40 cikin 100, waɗanda aka sa su janyo daga ka sun riƙe 61. Abin tausayin shi ne, masu maimaita karatun su suka fi amincewa da cewa za su tuna.

Nan yaranmu ke faɗawa. Ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ce "na sani". Sabo da shafi daban, iya kawo abin da ke cikinsa daban. Dubi bakin tsohuwar rijiya, za ka ga gurbin da igiya ta ci a jikin itace ko dutse. Ruwan da aka zuba bai yi wannan gurbin ba, jan guga ne ya yi shi. Haka tunawa take: duk janyowar da ka yi da ƙyar, ita ke ƙara zurfin hanyar.

Da na fara karanta irin waɗannan binciken, tsangayar da ke bayan layinmu ce ta faɗo mini. Almajiri zai rubuta darasinsa a allo da hannunsa, malam ya biya masa, ya koma ya yi ta nanatawa da murya. Mai hadda ba ya wanke allo sai ya kife shi ya kawo da ka. Karatun kuma ba a zama ɗaya ake tara shi ba: akwai na asuba, da na hantsi, da na la'asar, da na dare, tsakani ana hutawa, ana barci. Gardin da ya yi nisa ba ya barin na baya, kullum yana da adadin izu da zai bi a tilawa. In ya kai matakin satu, da ka zai rubuta, ya kai gaban manya a duba masa wasali da ɗigo. Janyowa, da tazara, da gyara nan take: abubuwa ukun da masu bincike suka fi tabbatar da amfaninsu ke nan.

Na taɓa tambayar alaramman tsangayar. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wane ɗalibi ne ya fi ba ka tsoro?" Na zaci zai ce mai nauyin kai. Sai ya ce, "Mai saurin ɗauka. Shi ne ke raina tilawa. Na safe ya kawo, na bara ya gudu." Ya kuma kawo hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Har matsalar sabon abu mai hawa kan tsoho sun sani, ita ce wahalar da mahaddata ke sha da ayoyi masu kama da juna, inda mutum zai taso daga wata sura ya tsinci kansa a wata.

Akwai masu sukar wannan hanya, musamman cikin malaman boko, suna cewa haddar aku ce, ba ta koya wa yaro tunani. Suna da gaskiya a wani wuri. Wanda ya haddace ma'anar wata ƙa'idar kimiyya da Turanci bai fahimce ta ba, da an juya tambayar ya faɗi, kuma ba a nuna cewa yawan hadda a fanni guda yana ƙara wa mutum kaifi a kowane fanni ba. Amma su ma suna wuce gona da iri in suka ce sani a ka ba shi da amfani tunda akwai intanet. Ba a tunani da kai fanko. Wanda bai riƙe jadawalin sau ba, duk ƙarfinsa a kan bakwai sau takwas zai ƙare kafin ya kai ga ainihin tambayar. Abin da ya kamata ɗalibin sakandare ya ara daga tsangaya shi ne tsarin: ya fahimci darasi, ya rufe littafi, ya rubuta ko ya faɗa wa ƙaninsa abin da ya riƙe, ya buɗe ya ga inda ya kuskure, ya sake komawa kai gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako.

"Da idona na gani"

Muna cewa gani ya kori ji. Amma labarina na gobarar Terminus ji ne ya rikiɗe ya zama gani. Tunawa ba buɗe hoto ba ce. Duk lokacin da ka tuna abu, ƙwaƙwalwa tana tattaro guntayen da suka rage, ta cike giɓi da abin da ka ji daga baya da abin da ya dace da hankali, sannan ta mayar da sabon ginin ma'aji. Inda aka samo labari kuma shi ya fi saurin ɓacewa, labarin ya rage.

A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Kalma ɗaya kawai suka canza. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka ce wa motocin sun taɓa juna suka ce kusan 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi mutane ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi a fim ɗin. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 sun ce sun gani. Cikin 50 da aka yi wa da kalma mai sauƙi, 7 ne suka ce haka.

Ko abin da ya girgiza mutum bai tsira ba. Washegarin fashewar kumbon Amurka mai suna Challenger a Janairun 1986, wani masani, Ulric Neisser, ya sa ɗalibansa sun rubuta inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan shekara biyu da rabi aka sake tambayar su. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun kuskure komai, da yawansu kuma suna da cikakken yaƙini. A Amurka, cikin mutanen da gwajin ƙwayar halitta ta DNA ya wanke bayan an ɗaure su, kusan 7 cikin kowane 10 akwai shaidar da ya nuna su bisa kuskure a shari'arsu.

Wannan magana tana da nauyi a gari irin namu. Wanda ya rayu a Jos ranar 7 ga Satumban 2001, ko Nuwamban 2008, ko Janairun 2010, yana ɗauke da abin da ba ya gogewa, kuma ba wanda ke da ikon ce masa bai ga abin da ya gani ba. Tsoro yana kafa jigon abin da ya faru da ƙarfi, har wasu su yi shekaru suna firgita cikin barci, wanda shi ma ciwo ne da ake yi wa magani. Amma tsoron nan yana ƙuntata ido. Wanda aka nuna wa makami, makamin yake kallo fiye da fuskar mai riƙe da shi. Fuska, da adadi, da wa ya fara, da me ya biyo bayan me, su ne ke sauyawa bayan an yi shekaru ana maimaita labari a majalisa cikin mutanen da duk ɓangare ɗaya suke.

Ba kuma a ce shaida ba ta da amfani ba. Wasu masanan sun nuna cewa bayanin farko, wanda aka ɗauka da wuri kafin shaidu su haɗa baki da juna, ba tare da tambaya mai jan ra'ayi ba, yana da inganci sosai. Na baya-bayan ne abin tsoro. Malaman hadisi sun daɗe da raba abu biyu: adalcin mai ruwaya daban, kiyayewarsa daban. Mutum zai zama salihi a ƙi karɓar ruwayarsa don riƙonsa ba shi da ƙarfi, har sukan ware abin da malami ya ruwaito kafin ya rikice da tsufa da wanda ya ruwaito bayan haka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Zumunci nawa ne ya tsinke a kasuwar Katako a kan "dubu ɗari na ba ka" da "tamanin ka ba ni", alhali mai yiwuwa ba maƙaryaci ko ɗaya a cikinsu?

Waya da maganin lasifika

Ana yawan cewa waya ta kashe ƙwaƙwalwar yaran yanzu. Wani bincike na 2011 ya nuna mutane sun fi riƙe inda za su samu bayani a kan bayanin kansa in sun san yana ajiye a kwamfuta, sai dai masu sake gwada wani sashe na binciken a 2018 ba su samu abin da aka samu da farko ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ɓarnar da take yi ta hanya biyu: tana raba hankali lokacin karatu, tana kuma cinye barci.

Maganin buɗe ƙwaƙwalwa kuwa, ko ganyen wata bishiya mai suna ginkgo da ya yi suna a duniya an gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar mantau ba. Ba da addu'a nake jayayya ba, kuma zuma da zabibi abinci ne masu kyau. Garin da ba a san abin da ke ciki ba nake jin tsoro a ɗura wa yaro. Kuɗin ya fi amfani in an sai masa ƙwai da wake, an duba ko yana da ƙarancin jini, an kula da zazzaɓin cizon sauro da wuri. Matasa kuma su sani cewa giya, da kodin, da tiramadol, da ƙwayoyin sa barci, kai tsaye suke taɓa riƙon sabon abu.

Tsufa ne, ko ciwo?

Manta inda aka ajiye makulli, ko sunan da ya maƙale ya dawo daga baya, wannan kowa na yi, yana kuma ƙaruwa da shekaru. Abin da ya kamata ya ta da hankali daban ne: maimaita tambaya guda sau biyar a zama ɗaya, ɓata a hanyar da aka yi shekara arba'in ana bi, kasa lissafin kuɗin da aka saba, rikicewar raka'o'in salla kullum, sauyin hali. Wannan ita ce cutar mantau, wadda muke kira gigin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, kuma wajen hifokamfas yake fara ci. Shi ya sa na ɗazu ke ɓacewa, na shekara sittin yana nan.

Ba a samu maganin da ke warkar da ita ba tukuna, amma zuwa asibiti ba ɓata lokaci ba ne. Akwai abubuwan da ke kama da ita kuma suna warkewa: ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, illar wasu magunguna. Tsohon da ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, a garzaya da shi, sau da yawa wata cuta ce a jiki ko shanyewar ɓarin jiki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da likitocin ƙwaƙwalwa da ke duba irin wannan. Wani kwamitin masana na mujallar The Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar yana da alaƙa da abubuwan da za a iya kiyayewa, cikinsu har da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da raunin ji da aka bari ba a kula ba.

Goggonmu tana cikin shekara ta huɗu da wannan ciwon. Ranar da ta fara fita ba a sani ba, wani mai Keke Napep ne ya dawo da ita daga wajen Terminus, tana neman hanyar tsohon gidan aurenta a Dilimi. Kafin magariba maganar kurciya ta zagaya layi, wata ma ta hana 'ya'yanta karɓar abu daga hannunta. Wannan ya fi ɓatan nata yi mana ciwo. Likita ya gano hawan jinin da ya daɗe ba a sani ba, ya ɗora ta a kan magani, ya kuma koya mana abin da ba mu iya ba. Da, in ta tambayi mijinta ta ce, "Malam bai dawo daga kasuwa ba?" sai mu ce, "Goggo, ai Malam ya rasu." Sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar, bayan awa guda ta sake tambaya. Yanzu Inna cewa take, "Ba mu labarin ranar da aka kawo ki gidansa," sai fuskarta ta saki, ta kama bayani har da launin zanen da ta ɗaura. In ta ce ba a ba ta abinci ba, ba ma musu, sai a miƙa mata ɗan kunu. An ɗinka mata lambar wayar Yaya a cikin aljihun rigar sanyinta.

Daren jiya, da sanyin hunturu ya sauko, tana zaune kusa da kaskon wuta ɗan Yaya yana biya haddarsa a gefe. Ba ta san sunansa ba, "yaron nan" take ce masa. Ya zo tsakiyar Tabaraka ya wuce da sauri, sai ta ɗaga hannu ba tare da ta dube shi ba.

"Koma baya," in ji ta. "Ka tsallake aya."

Ya buɗe Alƙur'ani ya duba, ya koma baya.